Guntun Igiyar Anaruwa

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye ruwa a cikinta, ya kuma sanar da bayinsa yadda za su nemo shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Jatau, mutumin Rugumau ta ƙasar Zangarma, inda dutse ya fi itace yawa, rijiya kuma ta fi gona daraja. Na yi tafiyar shekara goma da hannun dama a dunƙule, na ratsa ƙasashe uku waɗanda biyu daga cikinsu ba na yi wa ko maƙiyina fatan shiga. Ga yadda aka yi, ga mai son ji.

Gidanmu gidan masu haƙar rijiya ne tun kaka da kakanni. A sana'armu mutum biyu ke aiki, na ƙasa da na sama. Na ƙasa shi ke sauka da dagi da kwando. Na sama kuwa ba ya ɗaure igiya a gungume, a ƙugunsa yake ɗaure ta, ya kafa ƙafa a bakin rami, domin jikin mutum yana jin abin da itace ba ya ji. Shi ne kuma yake zarge ɗaya bakin igiyar a ƙirjin abokin aikinsa kafin ya sauka. Wana Anaruwa shi ne na ƙasa, ni ne na sama. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ban taɓa taka gindin rijiya ba, shi ma bai taɓa duba ƙullin da na yi masa ba. Yakan ce dubawa zagi ne.

A shekarar da ruwan sama ya yi gardama, muna haƙa wata rijiya a wajen gari, mun kai gaba goma sha tara. Wata rana da hantsi na ji ɗan sauti daga ƙasa kamar ana zuba gero a ƙwarya, ƙura ta fara tasowa daga ramin. Sai na ji muryar Yaya, a natse, kamar mai neman a miƙo masa ruwan sha.

"Korau, sako kaɗan."

Na sako. Ban gama numfashi uku ba ƙasa ta yi wata irin ƙara, bakin rijiyar ya zabtare har zuwa yatsun ƙafata. Na ja igiya da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na faɗi ta baya, saboda babu kowa a jikinta.

Da na jawo ƙarshenta, babu zargen da na yi. Sai wani ɗan ƙulli a can baki, mai kama da kan ƙadangare. Na ce a raina shi ke nan, ƙullina ne ya zame, wannan ne abin da ya rage na aikin banzan da na yi, sakin da na yi kuma shi ya ba shi hanya. Na damƙe igiyar sama da ƙullin. Kafin mutane su iso, kunya da tsoro suka sa na zare wuƙa na yanke guntun, na cusa hannun cikin riga, don kada dattawan sana'a su ga yadda na kashe ɗan'uwana da sakaci. Kwana biyu ana tono ba a kai gare shi ba, har liman ya ce a bari, rijiyar ta zama kabarinsa. Na kasa kallon mahaifiyarmu, na kasa kallon Tabawa matarsa. Ranar sadakar uku, mata na daka gumba, na bi ta bayan gari na kama hanya ban yi sallama da kowa ba. Sai da na yi nisa na so in jefar da guntun igiyar, na tarar hannun ya ƙi buɗewa.

Babu abin da ban yi wa hannun nan ba. Wanzami ya tsaga shi, maɗori ya gasa shi da ruwan zafi, wani maƙeri mai yawan cika baki ya sa awartaki har sai da awartakin ya lanƙwashe, ya kore ni daga maƙerarsa yana cewa na zo masa da jaraba. Na koyi cin tuwo da hagu, mutane suna matsawa daga akushin da na sa hannu, har na daina zama cin abinci da kowa. A shekara ta uku fatake suka ba ni labarin wani birni a bayan tsaunukan gabas inda ake wanke baƙin ciki kamar yadda ake wanke riga. Ban tsaya tambayar komai ba.

Birnin Shuni sunansa, kuma sunan ya dace da shi, don ganuwarsa shuɗiya ce, har tantabarunsa. A tsakiyarsa akwai wani ramin rini da suke kira Uwar Karofi. Wanda ya zo da abin da ke tuna masa da muguwar ranarsa, sai marina su tsoma abin tare da hannun mai shi a ramin, ranar nan ta fita daga kansa da duk wanda ke cikinta. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya shigo da baƙin ciki ba ya fita da shi. A ƙofa Sarkin Ƙofa ya tambaye ni sunan wanda na rasa, na faɗa masa, ya rubuta a 'yar takarda ya rataya mini a wuya, aka ce in jira kwana uku don jama'a sun yi yawa. Aka sauke ni a gidan wata mata mai suna Dela, wadda aka tsoma hannunta shekaru bakwai da suka wuce.

Mace ce mai fara'a, ba ta rabo da dariya. Amma kullum da azahar takan zuba abinci a akushi uku, nata, da nawa, da wani ɗan ƙarami da take ajiyewa a bakin ƙofar ɗaki. In ya huce ta zuba wa kaji. Rana ta biyu na tambaye ta na wane ne.

"Wallahi baƙona ban sani ba," in ji ta. "Hannuna ne ke yi, ni dai kallo nake."

Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta, ta goge ta ce hayaƙi ne, alhali murhu ya daɗe da mutuwa. Maƙwabciyarta ce ta raɗa mini cewa 'yarta ɗaya tilo kogi ya tafi da ita tana kallo. Na zauna na dubi ɗan akushin nan har inuwa ta juya. Ramin nasu sunan mamacin kawai yake cirewa, nauyin yana nan inda yake, mai shi na ɗauke da shi bai san na mene ne ba. Na kuma tuna cewa a duk duniya ni kaɗai na ji maganar ƙarshe ta Anaruwa. In aka tsoma ni, ta tafi ke nan. Nan take na ji gara in mutu da hannuna a dunƙule.

Fita kuwa sai da dabara. Na lura masu gadi ba sa riƙe fuskoki, mutane ɗaruruwa ake tsomawa kullum, shaidarsu kawai shuɗin hannu. Dela tana da tukunyar baba irin ta kowa a bayan ɗaki, wadda take rina zarenta a ciki. Da safe ta tafi kasuwa, na tsoma hannuna da igiyar a ciki har wuyan hannu, na bar shi ya sha iska, na sake tsomawa, har ya yi shuɗi sosai. Na nufi ƙofar birni ina tafe ina 'yan waƙe-waƙe kamar wanda aka yi wa bushara. Sarkin Ƙofa ya dubi hannun, ya karanta takardar wuyana, ya tsare ni da ido, ya jefo mini tambayar da suke gwada mutane da ita.

"Wane ne Anaruwa?"

Na washe baki na ce, "Ranka ya daɗe, sunan gari ne ko na mutum?"

Na ƙara da tambayarsa ko ya san wanda ya cusa mini wannan igiya a hannu. Ya yi dariya ya ce in tafi, za ta faɗi da kanta. Na yi ta tafiya ban waiwaya ba har ganuwar ta ɓace, sannan na durƙusa a gindin wata ƙirya. Ban taɓa tsanar bakina kamar ranar nan ba.

Bayan wata biyar na isa Kwarin Amsa, wanda labarinsa ya fi na Birnin Shuni jan hankalina. Kwari ne mai zurfi tsakanin duwatsu jajaye, inda in mutum ya yi kira, ba muryarsa ke dawo masa ba, muryar mamacinsa ce, da maganar ƙarshe da ya ji daga bakinsa. Na tarar da mutane zazzaune a kan duwatsu, kowa ya ba kowa baya, wasu gashinsu ya yi fari a wurin. Ba mai sallama, ba mai amsawa. Magarya da aduwa suke tsinta, su sha ruwan da ke ɗiga daga dutse. Na sami wani lungu na zauna, na tattara ƙarfina na ce, "Yaya."

"Korau, sako kaɗan."

Shi ne, har da 'yar shaƙewar da muryarsa ke yi in ƙura ta shige shi. Na yi kuka na yi dariya, na kira shi ya fi sau ɗari kafin rana ta faɗi. Damina biyu na yi a lungun nan. Na ba shi labarin maƙerin da awartakinsa, na ba shi labarin Dela. Na tambaye shi ko ya ji zafi. Na tambaye shi ko ya yafe mini, na tambaya da lallashi, na tambaya da faɗa, har na taɓa jifan dutsen da takalmina. Amsar ba ta taɓa canzawa ba, ko da kalma ɗaya.

Kusa da ni, bai fi taku uku ba, akwai wani dattijo da muryar matarsa ke ce masa ya rufe ƙofa akwai sanyi. Shekara biyu muna maƙwabtaka ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Wata safiya na ji shiru daga wajensa, na duba na tarar ya cika a zaune. Na yi kira a taimaka mini, ba wanda ya ko juyo. Da hannu ɗaya na tona masa rami, na yi masa salla ni kaɗai, na rufe shi. Ina tattake ƙasar na ga ƙarshena a fili, sai dai ni ba lalle a sami wanda zai tona mini ba.

Sau uku ina yunƙurin fita. Amma a bakin kwarin duwatsun ba sa jiran a kira su, su ke kira, ƙafafun mutum kuma su juya da kansu. Ana nan sai ga wani jaki ya ɓace wa ayarin masu gishiri, ya shigo yana kiwo hankalinsa kwance, don jaki ba shi da mamacin da yake kewa. Na lallaɓa na naɗe gashin wutsiyarsa a hannuna na hagu, na ɗaure da haƙori yadda ko na so ba zan iya kwancewa ba, sannan na cije shi a cinya. Ya zabura ya nufi inda ya fito. Yaya na kirana ta baya, ƙafafuna na turjewa, jaki na harbina yana jana a kan tsakuwa, a haka muka fita. Har yau akwai shatin kofatonsa a ƙwaurina, kuma har yau ba a zagin jaki a gabana.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari. Na yi dako, na yi kiwon awakin mutane, duk garin da aka fara sanin sunana sai in bar shi. A shekara ta tara na shiga ƙasar Fako, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, inda mutane ke zaune a cikin ɓawon ƙwan wasu tsuntsaye da suka ƙare tun zamanin da, kowane ɓawo yana ɗaukar iyali guda har da akuyarsu. Ruwansu daga tafiyar kwana biyu ake kawo shi. Ina sauke wa wani tulu a kasuwa rigata ta ɗage, sai wata tsohuwa mai dogara sanda ta zungure ni a ƙugu, daidai inda igiya ta bar mini kanta.

"Kai ɗan nan, na sama ne kai," in ji ta. "Wa kake riƙe wa?"

Na ce ba na riƙe wa kowa, ba kuma zan sake ba har abada. Ba ta tambaye ni dalili ba, ko hannun ba ta kalla sau biyu ba. Sunanta Marka, ita ce ta ƙasa a garin, mijinta Dogara, makaho, shi ne na samanta shekara arba'in. Sun kai gaba ashirin a wata rijiya, ƙasa ta fara danshi, sai gwiwoyinta suka ce sun gaji. Mutanen garin kuwa ko leƙa rami ba sa yi. Ta ce tunda na rantse ba zan riƙe ba, ai ban rantse ba zan sauka ba, hannu ɗaya ya isa cika kwando. Na amsa mata. Zan faɗi gaskiya, ba don tausayin masu ƙishirwa na amsa ba. Na daɗe ina jin ƙasa ta ɗauki wanda bai kamata ta ɗauka ba, na ce bari in kai mata kaina ta gyara kuskurenta.

Kwana ashirin Iya Marka tana koya mini aikin ƙasa, da faɗa da zungurin sanda: yadda ake sauraron bango, yadda ake gane rairayi mai riƙewa da mai cin amana, inda ake ajiye ƙafa. Ana gobe zan sauka, da la'asar, ta aiki Baba Dogara wajen maƙwabta, ta zaunar da ni, ta ɗauko igiya. Ta ce saura darasi ɗaya, wanda na ƙasa kaɗai ake koya wa, a duk inda ake wannan sana'a, kuma ba a faɗa wa na sama, don kada hannunsa ya yi sanyi a kan igiya.

Ta ce in bango ya tashi ruftawa gaba ɗaya, ƙasar da za ta danne ka za ta fizgi igiya, igiya kuma a ƙugun ɗan'uwanka take, sai rami ya ci mutum biyu. Saboda haka in ka ga babu fita, sai ka nemi a sako maka kaɗan, da murya a natse, don kada na sama ya firgita ya ja. In ta yi sako-sako ka kwance kanka. Sannan ka yi wa bakin igiyar wani ƙulli, kana yi kana kalmar shahada. Shi ake kira ƙullin sallama. Dattawan sana'a ne ke duba shi ranar sadakar uku, su shaida wa iyalinka cewa da hannunka ka kwance, ka cika da kalma a bakinka, na samanka kuma ba shi da laifi.

Tana magana yatsunta na aiki. Ta naɗe bakin igiyar sau biyu, ta cusa shi ta baya, ta ja. Ga kan ƙadangare.

Na zaro hannuna daga riga na ɗora a kan gwiwarta, guntun igiyar na reto, shuɗin ya koɗe amma ƙullin na nan yadda yake. Ta ɗaga shi ta juya, ta daɗe tana dubawa. Sannan na ba ta labari tun daga farko, abin da ban taɓa yi wa mai rai ba.

"Wanda ya yi wannan hannunsa bai ko yi rawa ba," in ji ta. "To, sauran igiyar fa?"

Na ce na yanke na bar ta a bakin rijiyar.

"Da wuƙa?"

Na ce da wuƙa.

"Kai ɗan nan," ta ce a hankali, "me kake zaton mutanen garinku suka gani?"

Shekara tara ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Na sama ya gudu, ya bar igiya yankakkiya. Na ɓoye shaidar wani laifi da ban yi ba, na bar musu shaidar wanda ya fi shi muni. Saƙon da Yaya ya kashe numfashinsa na ƙarshe ya ƙulla wa matarsa da uwarsa, ni na sace shi na yi ta yawo da shi a duniya. Na zaci hannun zai buɗe a lokacin. Bai buɗe ba, sai ma ƙara damƙewa da ya yi har farce ya shige nama.

Washegari na sauka duk da haka, don na yi alkawari. Baba Dogara ya zarge mini igiya a ƙirji da hannunsa, ban duba ƙullin ba. Gindin rijiya wuri ne mai sanyi da shiru, sama ta koma kamar bakin tulu, ba ka da kowa sai igiyar da ke ƙirjinka. Kwana shida ina cika kwando da hagu. A rana ta bakwai laka ta fara manne wa dagi, ina murna, sai na ji sautin nan a bayan kunnena, gero a ƙwarya. Rairayi na zuba a kafaɗata.

Na daɗe ina zaton in wannan lokaci ya zo zan yi maraba da shi. Ƙarya ne, na so rayuwa kamar me. Amma abin da ya cika mini kai shi ne tsohon makahon nan da ke tsaye a baki da igiya a ƙugu. Ban tuna ƙullinsa ba, ban tuna ko ya yi daidai ko bai yi ba, kada dai ya faɗo. Na ce, "Baba, sako kaɗan," na kai hannu ƙirjina. Zargen ya ƙi kwantuwa da hannu ɗaya. Ina kokawa da shi sai na ga yatsu goma a kan igiyar.

Baba Dogara bai sako ba. Shekara arba'in yana karanta igiya da tafin hannu, ya ji yatsu na taɓa ƙullinsa, ya fizge ni sama kamar guga har na ƙuje goshi a bango. Ashe ɗan zubewa ne na gefe ɗaya, bai fi kwando biyar ba. Iya Marka ta wanke ni tas, ta ce ba a koya mini ƙullin sallama don in riƙa yi duk lokacin da ƙadangare ya yi atishawa ba. Baba Dogara kuwa cewa ya yi ya san sirrin nasu tun shekara talatin, ya dai ƙyale ta ne. Ni ina zaune a ƙasa ina kallon tafin hannuna. Fari fat, ya yi laushi kamar na jariri, guntun igiyar ya manne a fata sai da aka jiƙa shi da man shanu. Na yi kuka ranar nan irin wanda ban yi ba a bakin rijiyar Rugumau, tsofaffin nan biyu suka zauna gefena ba su ce in yi shiru ba.

Na tsaya har muka cim ma ruwa, sannan na kama hanyar gida. Shekara guda na yi ina tafiya, ina motsa yatsun kullum. Uku sun miƙe, biyu na ƙarshe har yau a lanƙwashe suke.

Na shiga Rugumau da rana tsaka, ta ƙofar gari, don na gaji da bin bayan gari. Waɗanda suka gane ni suka kau da kai, wani ya tofar da yawu. Na yi sallama a gidanmu, Tabawa ta fito da tsintsiya a hannu, furfura ta fara mata. Na durƙusa, na ajiye guntun igiyar a gabanta. Ita 'yar na ƙasa ce, kuma ashe ta taɓa ganin irinsa ranar sadakar ukun mahaifinta. Tsintsiyar ta faɗi. Ta zauna a dandaryar ƙasa ta ɗauki ƙullin da hannu biyu.

"Ashe ya samu ya yi kalma," in ji ta. "Shekara goma kullum sai na tambayi Allah wannan."

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta shiga ɗaki ta fito da doguwar igiyarmu a naɗe, ta haɗa bakin da na yanke da guntun, suka zauna daidai. Ta ce duk garin sun ce na yanke igiya na tsira da raina, ita ma akwai shekarun da ta yarda. Inna mahaifiyarmu ce kaɗai ba ta taɓa yarda ba. Ita ta hana a ƙone igiyar, tana cewa Korau zai kawo sauran. Na tambaya ina Inna. Tabawa ta ce ta rasu shekara shida ke nan, kuma har ranar da ta kwanta ciwo, in an dafa abinci sai ta sa an ajiye nawa.

"Ba igiyar na riƙe ka da ita ba, Korau," ta ce. "Mutum ɗaya muka rasa, ka sa muka yi makokin biyu."

Na zauna a ƙasa kusa da ita, kaji na ratsa tsakaninmu. Can ta tashi ta aika a kira dattawan sana'a su zo su duba ƙulli, su faɗi abin da ya kamata a faɗa tun ranar uku. Kafin su iso ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙo mini, kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya. Na kai hannun hagu bisa sabo.

"Da dama ake karɓa a gidan nan," in ji ta.

Na karɓa da dama. Rabin ruwan ya zube a rigata, na shanye sauran.

Nan hikayar Korau ɗan Jatau ta tsaya. Allah ya jiƙan Anaruwa da wadda ta haife mu, ya kuma tsare na ƙasa da na sama a duk inda ake neman ruwa.